Ranar da Buraima Ya Tashi daga Benci

Rumfar dame ta bakin lungun nan na Zongo ba wani gini ba ce. Kwano ne a kan sanduna, da teburi guda na allon dame, irin darar nan ta tsallake, da benci jingine da bango, sai wani kututture a ɗaya ɓangaren. Amma tana da dokarta, ko da yake ba wanda ya taɓa zama ya tsara ta. Wanda ya ci wasa shi ne a benci, bayansa a bango, inuwa a kansa. Wanda ya zo nemansa kuwa kututture ne nasa, rana tana dukan ƙeyarsa. In an ci shi ya tashi, na bayansa ya zauna. In shi ya ci, to mai benci ne zai miƙe.

Alhaji Buraima bai san miƙewa ba. Tun yana mai walda a Magazin ɗin Suame, unguwar masu gyaran mota, yake riƙe da bencin nan duk yamma, har wutar walda ta cinye masa ido, ya bar aikin, ya koma sai da tabarau mai kauri. Ana kiransa Buraima Daram, saboda ƙarar bugunsa a allo. Hannunsa ɗaya ne a wasa, wato salo guda, kowa ya san shi, kuma kowa yana faɗawa: ya miƙa maka ɗa guda ka ci, sannan ya tsallake naka biyu, ya buga ɗan a allo har teburi ya girgiza.

"Ci, ɗan'uwa, sadaka ce!" Haka yake cewa in ya miƙa. In ya kwashe kuma ya ce, "Na gaba!"

Wanda ya fi kowa jin wannan "na gaba" shi ne amininsa Munkaila, tela ne mai shago a unguwar Krofrom. Tare suka tashi, tare suka yi samartaka, Buraima ne ma ya raɗa wa 'yarsa ta fari suna. Kullum Munkaila zai rufe shago ya hau tirotiro, motar haya, ya zo, ya zauna a kututture, a ci shi, ya tashi ya koma gefe yana murmushi. Buraima ya laƙaba masa suna Munkaila Tashi, sunan kuma ya bi shi.

To, sai ga Shakiru ya dawo daga Libiya. Mutum ne mai shekaru talatin da wani abu, bai dawo da komai ba sai jaka guda da wani allo na roba mai naɗewa. Ya buɗe kes, ɗan shagon gyaran waya, dab da rumfar, in ba aiki ya shimfiɗa allon a kan kanta, samari su taru, ana dafa shayin ataya ana wani wasa da suke kira ces. 'Ya'yan wasan ba iri ɗaya ba ne kamar na dame. Mutanen Zongo suka raɗa musu sunaye nan take: ga sarki, ga magajiya a gefensa, ga osofo biyu masu hula mai tsini irin ta limaman coci, ga dawaki biyu, ga soro biyu a kusurwa, sannan sojoji a jere a gaba.

Da farko Buraima dariya yake yi. "Ƙatti da gemu kuna wasan 'yar tsana," in ji shi.

Sannu a hankali layin dame ya riƙa raguwa, na kantar Shakiru yana tsawo. Wata yamma Buraima ya ɗaga kai ya ce "Na gaba!" ya tarar ba kowa a gabansa, duk an juya masa baya ana leƙen kanta. Abin ya sosa masa rai. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai Shakiru! Duk wasan da ake yi a kan allo mai gida-gida, in an kawo shi teburin nan, ni ba na tashi. Ka kawo 'yan tsanarka bayan Sallah, mu gani."

Shakiru ya ce, "Baba, ka faɗa a gaban jama'a fa."

"Na faɗa. In na tashi, teburin ya zama naku."

A hanyar masallaci Munkaila ya kama hannun rigarsa. "Alhaji, ka ɗauko magana babba. Ka san ko yadda ake jera su?"

"Kai ka sani?"

"Ni da kullum nake tsaye? In ka tashe ni, ina kake tsammani nake tsayawa? Kusa da kantar yaron nan. Ido ya gani, kai ya ɗauka. Ka riƙa zuwa shagona bayan azahar in nuna maka, kada yaran nan su kunyata mu."

Buraima ya ji daɗin wannan "mu" ɗin.

Haka kuwa aka yi. A bayan shagon, tsakanin tarin atamfa da keken ɗinki, Munkaila ya shimfiɗa wani allo da ya saya a kasuwar Kejetiya, ya nuna masa tafiyar kowane ɗa. Soja taku ɗaya yake yi gaba. Osofo a karkace yake bi. Soro miƙe, gaba ko gefe. Magajiya duk inda ta ga dama. Da aka zo kan doki, Munkaila ya ɗaga shi ya tsallake kan sojoji ya dire shi a tsakiyar allo.

Buraima ya gyara zama. "Sake in gani."

Ya sake.

"Sauran fa, suna tsallake?"

"Shi kaɗai ne."

"To ai shi ne wasan!" in ji Buraima, yana tafa hannu. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana cin abokan wasa da tsallake, ga shi ya sami ɗa guda da ke yin abin da ya sani. "Duk sauran nan 'yan rakiya ne. Wanda ya iya tsallake shi ne babba."

Munkaila ya gyaɗa kai, yana warware zare daga yatsansa.

Suka yi ta bugawa har watan azumi ya ƙare. Kusan kullum Buraima ke ci. Sorayen Munkaila suna nan kusurwa ba sa motsi, kamar an kafa su. Magajiyarsa in ta fito sai ta tsaya daidai inda dokin Buraima zai diro ya tsare ta tare da sarki, ya cinye ta. Buraima ya koma gida yana gaya wa matarsa Habsatu cewa wasan nan ba komai a cikinsa, dame ne da aka sa wa kwalliya.

Habsatu tana tsince wake na wakye, shinkafa da waken da za ta sayar da safe, ta ce, "Alhaji, ni dai na ga ka cika baki da wuri."

"Ke me kika sani?"

"Ban san komai ba. Miƙo mini tiren nan."

Ranar da aka sa, bayan la'asar, rumfar ta cika har bakin kwata. Tsofaffin 'yan dame sun tsaya bayan Buraima, samari sun yi cincirindo ta ɓangaren kes. Shakiru ya ɗauke allon dame ya jingine shi da bango, ya shimfiɗa nasa, ya jera 'ya'ya. Buraima ya goge tabarau da bakin riga yana jiran ya zauna.

Sai Munkaila ya ratso ya zauna a kututture.

Buraima ya yi dariya. "Tashi, tashi mana. Yau ba ranarka ba ce."

"Ni na riga kowa zuwa, Alhaji. Tambayi jama'a. Doka ce ko ba doka ba?"

Aka ce doka ce. Buraima ya kaɗa kai, ya ce a ransa ba laifi, bari ya ɗumama hannu da abokinsa kafin yaron.

Aka fara. Ba a jima ba Munkaila ya turo doki gaban soron Buraima, soja yana tsaronsa ta baya. Buraima ya ga sojan sarai. Ya lissafa: in ya ci doki da soro, sojan zai ci soron. Ɗaya da ɗaya ke nan, kuma shi ya tafi da mai tsallake, ya bar wa Munkaila ɗan zaman kusurwa. Ya ci, ya buga soron a allo har sojoji suka yi rawa. Munkaila ya sa soja ya ɗauke soron.

Can ɓangaren samari wani ya yi tari. Shakiru ya buɗe baki zai yi magana, wani dattijo ya daka masa tsawa: "Ba a sa baki a wasan manya!" 

Doki na biyu ma haka ya zo, haka ya tafi da soro na biyu. Yanzu Munkaila ba shi da doki ko ɗaya, Buraima kuwa nasa biyu suna nan. Ya jingina da bango, ya dubi tsofaffin da ke bayansa, ya kashe musu ido.

"Tela, yau da ƙafa za ka koma Krofrom. Na kwashe dawakinka."

Aka yi dariya. Munkaila ma ya ɗan murmusa, amma idonsa bai bar allo ba.

Sai ga abin da Buraima ya fi so a duniya ya bayyana a gabansa. In ya ci wani soja da magajiyarsa, osofon Munkaila zai cinye ta, shi kuma dokinsa ya diro ya cinye osofon. Ya ba da ɗaya, ya kwashi biyu. Hannunsa ke nan na tun samartaka, ga shi ya biyo shi har cikin wasan yara. Ya ɗaga magajiya sama don kowa ya gani, ya ci sojan, ya dire ta.

"Ci, ɗan'uwa, sadaka ce!"

Munkaila ya ci. Buraima ya ɗauki doki ya tsallaka ya buge osofon har ya faɗo ƙasa ya gangara ƙarƙashin benci. Tsofaffi suka kaure da shewa, wani yana cewa, "Daram! Daram ke nan!" Buraima ya ƙirga kawunan da ke allo, ya ga ya fi da guda. A dame, in Buraima ya fi ka da guda, sai dai ka fara neman takalminka.

Samarin kuwa ba wanda ya yi shewa. Wasu sun rufe baki da hannu, kafaɗunsu suna rawa.

Daga nan Munkaila ya gyara hula, ya miƙa hannu kusurwa, ya jawo soron da Buraima bai taɓa ganin ya motsa ba. Soron ya ratsa allon tun daga wannan baki har wancan. Na biyu ya bi bayansa. Magajiya ta fito, kuma yau ba ta tsaya inda doki zai same ta ba. Ta kai hari nan, ta kai hari can, ta dawo. Buraima ya tura dawakinsa, amma takunsu gajere ne, kafin su isa wuri an riga an bar wurin. Gumi ya fara taruwa a ƙarƙashin tabaransa.

"Sarkinka, Alhaji," in ji Munkaila a hankali.

Ya matsar da sarki.

"Sarkinka."

Ya sake matsarwa, har ya kai shi bakin allo. Soro ɗaya ya tare layin gabansa, ɗayan ya sauko layin da yake. Buraima ya duba dama, ya duba hagu, ya ɗaga doki ya rasa inda zai sa shi, ya mayar.

Shakiru ya ce, "Ya mutu, Baba."

 Buraima yana zaune, hannunsa a gwiwa. Sai da wani dattijo daga cikin nasa ya taɓa kafaɗarsa, sannan ya tuna abin da ake jira. Ya dafa teburi ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Munkaila ya zagayo ya zauna a wurin tun ɗumin jikin Buraima bai bar katakon ba, ya jingina da bango, ya lumshe ido kaɗan.

"Amma na fi shi 'ya'ya," in ji Buraima, ba da kowa yake ba. "Ku ƙirga. Na fi shi."

Shakiru ba da mugunta ya yi maganar ba, shi ya sa ta fi zafi. "Baba, ba kai ake ƙirgawa ba, daraja ake dubawa. Soja ɗaya ne. Doki uku, osofo uku. Soro biyar. Magajiya tara. Ka ba da soro biyu da magajiya, ka karɓi doki biyu da osofo da soja. Goma sha tara ka bayar, goma ka karɓa. Wa ya koya maka wasan? Ai wannan shi ake fara gaya wa mutum tun kafin ya taɓa allo."

Buraima ya juya ya dubi Munkaila. Munkaila yana jera 'ya'ya don wasa na gaba, bai ɗago ba.

Washegari da hantsi ya hau mota zuwa Krofrom. Ya tarar da Munkaila yana taka keke, yana ɗinka wuyan wata riga. Bai yi sallama mai tsawo ba.

"Ka sani."

"Zauna mana, Alhaji."

"Ka sani tun ranar farko."

Munkaila ya tsayar da keken. "Ka tambaye ni yadda suke tafiya, na nuna maka. Akwai wanda na nuna maka ba daidai ba?"

"Ka ce doki ne babba."

"Kai ka ce. Ni gyaɗa kai na yi."

"Da sorayen da ka bari a kusurwa wata guda? Da magajiyar da kake kawo mini har baki? A cikin azumi, Munkaila! Da bakinka a bushe kake shirya mini wannan?"

Munkaila ya cire tabaransa na ɗinki ya ajiye. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ka tuna bikin Huda? 'Yata, wadda ka raɗa wa suna. Dangin mijinta sun zo daga Tamale, ga surukaina a zaune. Mai sanarwa ya ɗauki lasifika ya ce a yi wa uban amarya maraba, Alhaji Munkaila Tashi. Bai ma san ba sunana ba ne. Wa ya fi kowa dariya a wurin? Har ka share hawaye da hula."

"Wasa ne fa."

"Na sani. Jikokina a makaranta ana kiransu jikokin Tashi. Shi ma wasa ne. Tun gashinmu yana baƙi nake zama a rana ina tashi maka, ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa, Munkaila, zo in nuna maka inda kake faɗawa ba. Ni na nuna maka rabi. Kai nawa ka nuna mini?"

 Buraima ya so ya ce da ka tambaya da na nuna maka, amma ya san ba gaskiya ba ne. Ya juya ya fita, Munkaila ya ci gaba da taka keke.

Ya daina zuwa rumfa. Ya aiki Habsatu ta roƙi Shakiru aron wani tsohon allo, don shi ba zai iya buɗe baki ya roƙa ba. Yana zama a tsakar gida yana jera 'ya'ya shi kaɗai, yana maimaitawa kamar mai hadda: doki uku, soro biyar. Ya koyi fito da soro. Ya koyi ja da baya in an miƙa masa abu, abin da hannunsa bai saba ba, har wani lokaci sai ya zauna a kan hannun. Abu ɗaya ne a ransa: ya zauna a kututture, ya dubi Munkaila a benci, ya tashe shi a gaban mutanen da suka ga tashinsa.

Da ya ji ya shirya, ya sa babbar riga ya fita bayan la'asar.

Tun daga nesa ya ji rumfar ba yadda ya san ta ba. Ba bugun allo, ba gori, ba shewa. Samari sun sunkuya shiru, an ajiye waya a gefen teburi tana ƙirga wa kowa lokacinsa. A benci kuwa wani saurayi ne mai suna Rafi'u, mai sayar da kayan mota a Suame, da abin jin waƙa a kunne ɗaya. Munkaila yana can gefe a tsaye, a inda ya saba tsayawa.

Buraima ya tambayi Shakiru, "Yaushe ya tashi?"

"Wa, Baba Munkaila? Ai washegari. Wasan farko Rafi'u ya tashe shi. Tun ranar bai sake hawa ba."

Buraima ya sake duban bencin. Ya zo da shirin mutum guda, mutumin kuma ba shi da abin da za a ƙwace masa. Ya yi niyyar juyawa, sai samarin suka gan shi, suka dare, suka ce a bar Baba ya wuce gaba. Bai so ba, amma ƙafarsa ta kai shi. Ya zauna a kututture. Bai taɓa sanin haka yake da tauri ba, ko haka rana take cizo a wannan ɓangaren.

Ya yi wasa da hankali. Rafi'u ya turo masa doki gaban soro, ya ƙi ci. Ya tsare magajiyarsa kamar ƙwai. Bai ba da babba don ƙarami ba ko sau ɗaya. Duk da haka sojojinsa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya ta hanyoyin da bai gani ba, yaron kuwa ko abin kunnensa bai cire ba. Kafin shayin da aka ɗora ya tafasa, sarkinsa ya rasa wurin zuwa.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya sami wanda zai harara.

"Baba ya yi ƙoƙari, wallahi," in ji Rafi'u, yana sake jera 'ya'ya. Sannan ya matsa gefe, ya buga tafin hannu a ƙarshen bencin. "Zo ka zauna nan, Baba, ka huta da ƙafa. Akwai wuri. Ka riƙa kallo daga inuwa."

Buraima ya dubi wurin da aka nuna masa, ɗan taƙi guda a bakin katako. Gwiwoyinsa suna zugi, kuma inuwar tana da sanyi, ya san ta fiye da kowa.

"Na gode, ɗana," ya ce. "Wanda aka ci ba ya zama a nan."

Ya miƙe, wani saurayi ya maye kututturen. A gefen bango, inda 'yar inuwa ta rage wa masu tsayuwa, Munkaila ya matsa ya bar gurbin mutum ɗaya kusa da shi, bai ko dube shi ba. Buraima ya ga gurbin. Ya zagaya ta bayan samarin, ya je ɗaya ɓangaren ya tsaya a rana, ya haɗa hannu a baya, yana kallon allon.